Gasar masu ƙera ƙwaƙwalwar waya: A guji cinikin biri a sama

Duk wanda ya saba tsallaka gadar Ngeli tsakanin Njamena da Kuseri ya san cewa wayar hannu na cikin hajojin da ke riƙe da gidaje masu yawa a wannan yanki namu. Wasu kwalayen ta Duwala suke biyowa, wasu ta jirgi daga Dubai ko Gwanzu, wasu kuma ta Kano da Maiduguri da Gamboru, su sauka a Babbar Kasuwa da kasuwar Dembe, daga nan a rarraba su zuwa Abeche da Mundu da sauran garuruwa. Mai shago da yaronsa, da mai gyara, da mai sayar da caja da batir, har da mai turin kaya, duk a jikin wannan haja suke ci.

To, a 'yan shekarun nan wani sabon zance ya shigo rumfuna. Sunayen da a da sai injiniyoyi ke ambata, irin su Nvidia da TSMC da Intel, yanzu ana jin su a rediyo, ana kuma ganin su a saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, inda ake kwaɗaita wa jama'a su zuba kuɗi a hannun jarin kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, wai nan da 'yan makonni su kwashi ninki. Wannan jarida na ganin ya zama wajibi ta yi wa masu karatunta bayani, domin jarin mutane ne ke cikin haɗari. Matsayinmu shi ne, ɗan kasuwar waya ya riga ya sa hannu a wannan harka tun ranar da ya sari kwalin farko, kuma amfanin da zai samu daga sanin gasar waɗannan kamfanoni yana cikin shagonsa, a yadda zai sara da kuma lokacin da zai sayar. Amma tura wa wanda ba a sani ba kuɗi da sunan sayen hannun jari a Amurka, wannan cinikin biri ne a sama.

Bari mu fara da abin da ake magana a kansa. Idan mai gyara ya buɗe waya, akwai wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi manne a ciki waɗanda ba su fi farce girma ba, su ne yake kira aisi. Biyu daga cikinsu na cikin abubuwan da suka fi tsada a jikin wayar: wadda ke tafiyar da ita, wato ƙwaƙwalwa, da kuma ta ajiya, mai ba da lambobin nan da mai saye ke tambaya, ram nawa, memori nawa. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Chaina, mai Tecno da Itel da Infinix, ba ya ƙera su. Saye yake yi ya haɗa, kamar yadda tela ke sayen yadi. Mafi yawan ƙwaƙwalwar wayoyinsa daga MediaTek na Taiwan ne da Unisoc na Shanghai, yayin da manyan wayoyi masu tsada sukan ɗauki ta Qualcomm na Amurka. Su ma waɗannan zane kawai suke yi, su kai wa masu masana'anta. Babban mai masana'antar kuwa shi ne TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, yake kuma riƙe da fiye da kashi 60 cikin 100 na aikin ƙerawar da ake bayarwa kwangila a duniya. Nvidia ma wurinsa yake kai aiki. Shi kuma TSMC, injin da yake buga ƙwayoyi mafi inganci da shi kamfani ɗaya tak ke yin sa, wato ASML na ƙasar Holan, kuma kowane inji ya haura dalar Amurka miliyan 150. A ɓangaren ram, kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo baya idan dillalai uku ne kaɗai ke riƙe da haja.

Idan za a iya tunawa, gasar waɗannan kamfanoni ta taɓa juya kasuwanninmu. A 2007 Nokia ke da kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin waya a duniya, kuma shagon da babu Nokia mai tocila ba a ɗaukarsa shago. A daidai lokacin ne MediaTek ya riƙa sayar wa ƙananan masana'antun Chaina ƙwaƙwalwa mai arha haɗe da tsarin da ke tafiyar da ita, ta yadda duk mai ɗan jari zai iya haɗa waya ya sa mata suna. Daga nan ne wayar Chaina mai layi biyu ta fito, kuma babu wanda ta yi wa rana kamar ɗan kasuwar kan iyaka, mai buƙatar layin Chadi da na Kamaru ko na Nijeriya a aljihu ɗaya. Tecno ya hau wannan hanya ya mai da hankali ga Afirka tun wajajen 2008. Kafin a ankara, a 2013 Nokia ya amince ya sayar wa Microsoft sashensa na waya. 'Yan kasuwar da suka lura da wuri suka canza haja sun yi gaba, waɗanda kuma suka cika sito da tsohon yayi sun sayar a faɗuwa.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, wannan kasuwa tana da kaka da bazara kamar ta hatsi. 'Yan Kasuwar Gero ta Njamena sun san cewa shekarar da farashi ya yi sama kowa na faɗaɗa gona, shekara mai zuwa kuma kaya su yi yawa farashi ya karye. Bambancin kawai shi ne, gonar ƙwaƙwalwa masana'anta ce da kan ci dalar Amurka biliyan 20, ta kuma ɗauki shekaru kafin ta fara fitar da kaya, saboda haka hawan da saukar duk sukan yi tsanani. A 2020 zuwa 2022, lokacin annobar korona, an yi ƙarancin da ya sa masana'antun mota a Turai da Amurka da Japan suka riƙa tsayar da aiki. Kowa ya ruga ya yi oda fiye da buƙatarsa. Da ƙarshen 2022 sai kaya suka yi yawa. A watan Afrilun 2023 Samsung ya ba da sanarwar rage ƙera memori bayan ribarsa ta watanni uku ta faɗi da kusan kashi 95 cikin 100, Micron kuma ya tafka asarar dalar Amurka biliyan 5.8 a shekararsa ta kasuwanci ta 2023. Asarar tasu ce ta zama arhar da muka gani a nan, lokacin da ƙananan wayoyi suka fara zuwa da memorin da a da sai a manya ake samu.

Daga nan kiɗa ya sake canzawa. Manyan kamfanonin Amurka irin su Microsoft da Google da Amazon da Meta suka shiga tseren gina rumbunan kwamfutoci na ƙirƙirarriyar basira, kuma waɗannan kwamfutoci na buƙatar ƙwaƙwalwar Nvidia haɗe da wani nau'in ram na musamman mai tsada, wanda ke cin kusan ninki uku na kayan aikin da ram na yau da kullum ke ci. SK Hynix, wanda ya yi asara a 2023, ya ci ribar da bai taɓa ci ba a 2024. Ganin haka duk su ukun suka karkata masana'antunsu ga mai biya da tsoka. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi, har a watan Disamba Micron ya ba da sanarwar daina sayar da memorinsa mai suna Crucial ga masu saye ɗaiɗai, domin ya wadata manyan. Irin wannan tsada ta fi dukan ƙaramar waya, saboda ribar da ke kanta ba ta da kauri da za ta shanye ƙarin. Shi kansa Transsion, wanda ke cikin kasuwar hannun jari ta Shanghai tun 2019, ribarsa ta ragu da fiye da rabi a watanni shida na farkon 2025, ga gasar abokan hamayya ga tsadar kayan haɗi. Ruwa ba ya tsami banza: idan kwalin Itel ya ƙara kuɗi a Dembe, wani ɓangare na dalilin yana Koriya.

Yanzu sai mu zo kan hannun jarin da ake tallata mana. Gaskiya ne an samu dukiya a ciki. Darajar Nvidia a kasuwa ta kai dalar Amurka tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 3 a 2024, ta taɓa tiriliyan 5 a watan Oktoban 2025. Abin da masu tallar ba su faɗa shi ne, a ranar 27 ga Janairun 2025, saboda labarin cewa wani kamfanin Chaina mai suna DeepSeek ya yi irin wannan aiki da kuɗi kaɗan, darajar Nvidia ta zube da kashi 17 cikin 100 a wuni ɗaya, kimanin dalar Amurka biliyan 590, wato fiye da ninki 20 na duk abin da Chadi ke samarwa a shekara. Watanni uku bayan haka gwamnatin Amurka ta taƙaita masa sayar da wani samfurinsa ga Chaina, ya yi lissafin asarar biliyan 4.5. Intel kuwa, wanda ya shafe shekaru yana sarautar wannan fage, hannun jarinsa ya faɗi da kashi 26 cikin 100 a ranar 2 ga Agustan 2024, ya dakatar da raba riba, ya kuma ba da sanarwar sallamar ma'aikata kusan 15,000, har a 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Kasuwar da sa hannun shugaban wata ƙasa ko zaman ɗar-ɗar tsakanin Chaina da Taiwan ke iya girgizawa cikin dare ɗaya ba wurin ajiye uwar kuɗi ba ce.

Masu nazarin hannun jari na gaskiya ba wani siddabaru suke yi ba. Tambayoyin da Alhaji zai yi kafin ya sayi shagon wani su ne suke yi. Su wane ne masu sayen kayansa, kuma su nawa ne? Kaso mai yawa na cinikin Nvidia a hannun manyan kamfanoni ƙalilan yake, kuma wasunsu, kamar Google da Amazon, suna zana tasu ƙwaƙwalwar domin su rage dogaro da shi, ga AMD da Huawei na neman kasonsu. A ina yake samun kaya, kuma in hanyar ta toshe yana da wata? Sannan tambaya mafi muhimmanci: kuɗin da aka sa wa shagon, ribar shekara nawa ce? Shagon da ke kawo miliyan 1 a shekara aka ce a saye shi miliyan 40, ko da shi ne ya fi kowane kyau a layin, mai saye ya jingina ne da fatan cinikin zai riƙa ninkawa. Kamfani kan yi kyau, hannun jarinsa kuma ya yi tsadar da babu riba a sayensa.

'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ga wannan da idonsu. A 2007 da farkon 2008 babu zancen da ake yi a Kano da Legas sai na hannun jarin bankuna, har bankunan na ba mutane bashi su sayi hannun jari. Daga watan Maris na 2008 zuwa Maris na 2009 ma'aunin kasuwar ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100, kuma a watan Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. Waɗancan ma hannun jari ne na gaske, masu takarda da rajista. Ina ga wanda babu ko ɗaya? An ga yadda MMM ya rufe da kuɗin jama'a a watan Disamban 2016, an kuma ga CBEX a watan Afrilun 2025, wanda shi ma da sunan ƙirƙirarriyar basira ya yi talla, hukumar kula da hannun jari ta Nijeriya kuma ta ce ba ta taɓa yi masa rajista ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ya kamata mai karatu a Njamena ya san cewa kasuwar hannun jari ta ƙasashen da ke amfani da sefar Afirka ta Tsakiya, wato BVMAC, a Duwala take tun haɗewar da aka yi a 2019, kuma kamfanonin da ke cikinta 'yan kaɗan ne, na manja da ruwan sha da banki da makamantansu. Babu mai ƙera ƙwaƙwalwar na'ura ko ɗaya a ciki. Hukumar da ke ba dillalai lasisi ita ce COSUMAF. Haka kuma, tun 2019 dokar canji ta babban bankin yankin, BEAC, ta tsananta, ta yadda fitar da kuɗi waje sai ta banki, da takardu da bayanin dalili. Saboda haka duk wanda ya ce a tura masa kuɗi ta lambar waya zai saya maka Nvidia, a tambaye shi lasisinsa, da sunan wanda za a rubuta a kan hannun jarin, da hanyar da kuɗi za su dawo ranar da aka sayar. Wanda ya yi alkawarin riba tsayayya kowane mako, ko ya ce sai ka kawo mutum biyu za a ƙara maka, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Mai halin da ya ga lallai sai ya shiga, ya bi ta bankinsa da dillali mai rajista, da rarar da in ta tafi ba za ta rufe masa shago ba. Kuɗin adashi da na amana da na bashin kaya kada su kusanci wurin.

Amfanin da muke ganin ya fi kusa da hannun ɗan kasuwa shi ne ya mai da wannan ilimi makamin sari da sayarwa. Na farko, ya riƙa sauraron labarin manyan nan uku na memori. Idan aka ji sun rage aiki ko sun karkata ga wasu masu saye, tsada na tafe nan da 'yan watanni. Idan aka ji sababbin masana'antu sun fara fitar da kaya, ko manyan masu saye sun rage oda, a yi hattara da cika sito. Na biyu, waya ba gero ba ce da za a ɓoye a jira bazara. Sabon samfuri na fitowa, na jiya ya rage daraja, don haka cin bashi a tara kaya saboda ana tsada ganganci ne. Na uku, a lokacin tsadar memori a riƙa duba abin da ke cikin kwali da kyau. Kamfani kan bar sunan waya yadda yake ya rage mata ram, ko a rubuta babbar lamba a kwali alhali rabinta aro ne daga ma'ajiyar wayar. Katin memori da filashi na jabu, masu nuna girman da ba su da shi, su ma irin wannan lokaci ne kakarsu. A gwada kafin a biya, a kuma gaya wa mai saye gaskiya, domin shi ne zai dawo gobe.

Na huɗu, a riƙa yin lissafi da farashin da za a sake saro kayan, haɗe da canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane ɗaya, amma ƙwaƙwalwa da dalar Amurka ake cinikinta. A watan Satumban 2022 dalar ta haura sefa 670, a 2025 kuma ta sauko ƙasa da 600. Mai sarowa ta Kano ko Maiduguri yana da ƙarin lissafin naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya sayar da farashin jiya ya je sari da farashin yau, jarinsa na narkewa yana ganin kamar riba yake ci. Na biyar, duk lokacin da sabuwar waya ta fi ƙarfin talaka, kasuwar gyara da ta waya na hannu ke buɗewa. Sa yaro ya koyi gyara sosai, da tanadin sikirin da batir masu kyau, jari ne da mai shi ke gani da ido.

Muna kuma da kira ga hukumomi. A watan Janairun 2022 gwamnatin Chadi ta ɗauke harajin shigo da wayoyin hannu da kwamfutoci na tsawon shekara 5, matakin da ya cancanci yabo. Ya kamata duk shawarar da za a yanke kan makomar wannan rangwame a sanar da ita a fili kuma da wuri, domin wanda ya yi oda yau sai bayan watanni kayansa ke isowa daga Duwala, kuma haɗuwar haraji da tsadar memori a lokaci ɗaya zai fitar da waya daga hannun masu ƙaramin ƙarfi, ya kuma ƙarfafa fasa-ƙwauri. COSUMAF da ma'aikatar kuɗi su riƙa fitar da sunayen dillalai masu lasisi da gargaɗi kan na bogi cikin Larabcin Chadi da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyo, tunda ba kowane ɗan kasuwa ke karanta sanarwar Faransanci ba. Kamfanonin Airtel da Moov Africa, waɗanda ta layukansu ake tura kuɗi, su gaggauta rufe lambobin da aka kai ƙara a kansu. Majalisar 'yan kasuwa ta ƙasa da shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da waya a Njamena da Kuseri da Gamboru su riƙa musayar labarin farashi, su kuma ja kunnen matasan da ake amfani da su wajen jawo 'yan'uwansu cikin irin wannan tarko.

Daga ƙarshe, muna tunatar da masu karatu cewa fataken da suka kafa unguwannin Hausawa a bakin Shari tun garin yana Fort Lamy sun yi arziki ne da hajar da suka sani, suka taɓa da hannu, suka kuma san wanda za su kama in ta ɓaci. Gasar da ake yi a Taiwan da Koriya da Amurka za ta ci gaba, wasu su hau wasu su sauka, kuma kowane hawa da sauka zai iso kan kantarmu bayan 'yan watanni. Wanda ya bi labarin zai san lokacin sari da lokacin dakatawa. Wanda kuma ya kwashi jarin shago ya miƙa wa baƙon da ke bayan lambar waya, ranar da lambar ta daina shiga babu ofishin da zai je ya kai kuka.